Wane saitin ƙarfe na ko-ta-kwana zan ɗora wa AR-15 mai jan ɗigo?

Ɗan Gusau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da suka san harkar harbin bara a nan Amurka. Bindigar AR-15 ce mai cin harsashin 5.56, tsawon bututunta inci 16. Mariƙin gaba mai inci 15 ne, irin wanda ba ya taɓa bututu, kuma layin Picatinny, wato layin gurabe da ake ɗaura saiti da madubi a kai, ya bi samansa tun daga baya har baki. Mazaunin gas, ƙarfen da ke kan bututu yana ɗiban iskar harbi, ƙarami ne, yana ɓoye a cikin mariƙin, wato babu hasumiyar saitin gaba irin ta bindigar soja. A yanzu madubin jan ɗigo ne a kai, bisa mazaunin da aka rubuta wa "lower 1/3" a kwali. Nan gaba ina da niyyar komawa madubi mai ƙara girma daga 1 zuwa 6.

Aikinta harbin takarda da farantan ƙarfe ne daga yadi 25 zuwa 200, sai ƙananan gasa na ƙarshen mako. Ina so in ƙara saitin ƙarfe, wato saitin auna bara marar gilashi, tsinke a gaba da huji a baya, saboda ranar da batir ya mutu ko madubin ya samu matsala. Abin da ya shige mini duhu: na roba irin Magpul MBUS ya isa, ko sai na ƙarfe irin MBUS Pro ko Troy? Mai naɗewa ya fi, ko wanda ke tsaye dindindin? Zan iya haɗa na gaba daga wani kamfani, na baya daga wani? Sannan a nisan yadi nawa zan daidaita shi? Allah ya saka da alheri.

Maƙerin Zamani:

Wa alaikumus salam. Ɗan Gusau, ka kyauta da ka fara da bayanin bindigar, don rabin amsar yana ciki. Kafin a zo maganar roba ko ƙarfe, tsayi za ka fara dubawa, nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta.

A AR-15 layin gani yana kusan inci 2.6 sama da tsakiyar bututu, wato kusan inci 1.4 sama da layin Picatinny. Tunda layinka a miƙe yake daga baya har baki, abin da za ka nema shi ne na gaba da na baya masu tsayin da aka saba, waɗanda aka ƙera su zauna a shimfiɗa ɗaya. Iri biyu ne za ka kauce wa. Na farko, saitin gaba da aka yi don mazaunin gas mai layi a kansa. Da yawa daga irin wannan mazaunin sun fi jikin bindiga ƙasa, shi ya sa ake ƙara wa saitinsu tsawo. Idan ka ɗora shi a kan layinka, tsinken gaba zai yi tsayi, harsashi ya riƙa faɗawa ƙasa. A ce bambancin kwatan inci ne, tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba kuma inci 20: a yadi 100 harsashi zai sauka kusan inci 45 ƙasa da inda ka auna, kuma ko ka murɗa tsinken har ƙarshe ba zai cike wannan giɓin ba. Na biyu, ƙananan da Troy ke kira Micro. Su gajeru ne, don bindigogin da layinsu ya riga ya ɗaga sama aka yi su. A AR-15 za su sa ka danne kunci a gindin bindiga, kuma ba za su haɗu da jan ɗigonka ba.

Sai haɗuwar saitin ƙarfe da madubi. Idan tsakiyar madubin tana kusan inci 1.4 daga layi, tsinke da huji za su tsaya daidai tsakiyar tagar, ɗigon ya zauna a kan tsinken. Naka mazaunin ya fi haka tsayi, kusan inci 1.6 zuwa 1.7, saboda haka saitin ƙarfe zai bayyana a ƙasan tagar, a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. Idan ka ɗaga kai kaɗan kana kallon ɗigo a fili, idan ka sauke kunci ka shiga huji. Wannan tsarin yana karɓar mai naɗewa, yana kuma karɓar tsayayye ba tare da ya cika maka ido ba. Dogayen mazaunai da ake yayi yanzu, masu inci 1.93 da 2.26, sun wuce inda saitin ƙarfe na yau da kullum zai kai, ba za ka ga tsinke ta cikin gilashin yadda ya kamata ba. Ka riƙe wannan kafin ka sauya mazauni.

To, roba ko ƙarfe. MBUS na roba ba abin rainawa ba ne. Kowane ɗaya bai kai giram 40 ba, yana da sifirin, kana danna shi ya miƙe, idan ya bugi wani abu kuma ya kwanta maimakon ya karye. Rauninsa biyu ne. Zafi na farko: kamfanin da kansa ya hana a ɗora na gaba a kan mazaunin gas, don wurin yana yin zafin da zai lalata robar. Wannan bai shafe ka ba, naka a kan mariƙi zai zauna. Na biyun kauri ne: idan aka naɗe samfurin MBUS na biyu, tsayinsa kusan rabin inci ne, kuma faɗinsa yana cin wuri. Wannan ya shafe ka ranar da madubi mai ƙara girma ya zo. MBUS 3 ya rage kaurin, kuma tsinkensa ba ya buƙatar makulli.

MBUS Pro ƙarfe ne gaba ɗaya, siriri, ba shi da sifirin, da yatsa ake ɗaga shi, ɗan maƙali ya riƙe shi a tsaye. Tsinkensa da hannu ake murɗa shi. Na Troy alminiyam ne da ƙarfe, idan ya miƙe yana kullewa, sai ka danna maɓalli a gefe kafin ya kwanta. Wasu suna son kullewar don saitin ba ya kwanciya da kansa. Wasu kuma suna ganin abin da ya kulle idan ya bugi ƙasa shi ke ɗaukar dukan gaba ɗaya. Kowanne yana da hujja. Akwai na baya masu dabaran nisa daga mita 200 zuwa 600, irin na Knight's Armament da MaTech da sojojin Amurka suka yi amfani da su, da MBUS Pro LR. Ga mai harbi iyakar yadi 200 wannan dabaran ƙarin kaya ne, kuma abu ne da zai iya juyawa a cikin jaka ba ka sani ba.

A ganina, ga wannan bindigar da niyyar da ka faɗa, MBUS Pro gaba da baya. Kuɗinsa ya kusa ninka na roba, amma sau ɗaya za ka saya. Idan aljihu bai kai ba, MBUS 3, kuma ba ka yi asara ba.

Tsohon Maharbi:

Malam Maƙeri ya yi bayani mai kyau kan tsayi, ba ni da ja a nan. Inda zan ƙara shi ne tambayar da ba a yi ba: wace irin lalacewa kake yi wa tanadi?

Mutuwar batir ita kowa ke ambata, alhali ita ce mafi sauƙi. Madubin jan ɗigo na Aimpoint Micro T-2 ana ba shi sa'o'i 50,000 da batir CR2032 ɗaya, sama da shekara biyar ke nan a kunne. Aimpoint PRO sa'o'i 30,000. Wanda ya saba sauya batir sau ɗaya a shekara da wuya ya ga mutuwarsa. Masu madubin EOTech su ne suke da dalili mai ƙarfi, don nasu ƙirar tana cin batir, EXPS3 kusan sa'o'i 1,000 yake yi da CR123. Idan ɗigo ya ɓace gilashi na nan garau, ka ɗaga saitin ƙarfe ka ci gaba, magana ta ƙare.

Lalacewar da ta fi wuya ita ce ta gilashin kansa: taɓo ya shafe shi, ruwan sama ya cika shi, ya yi raɓa saboda an fito da bindiga daga mota mai sanyi zuwa zafi da laima, ko ya tsage. A nan duk haɗuwar da aka yi magana a kai ba ta da amfani, domin ta cikin gilashin da ya toshe za ka nemi tsinke. Mafita ita ce mazaunin madubi mai liba, wanda ake cirewa da hannu cikin daƙiƙu kaɗan. Idan naka na noti ne da sai an nemo makulli, ƙanena, ka sa sauya shi a lissafin kuɗin. Saitin ko-ta-kwana da ke bayan madubin da ba ya ciruwa rabin tanadi ne.

Abin ya fi tsanani da madubi mai ƙara girma. Ko a lamba 1 ka ajiye shi, ba taga ba ce irin ta jan ɗigo, gilasai ne a jere da ke sarrafa hoton. Ba a haɗa huji da tsinke ta cikinsa. Bugu da ƙari, bakin madubin na baya yana zaune daidai kan saitin baya, ba zai bar shi ya miƙe ba sai an cire madubin gaba ɗaya. Ka auna wurin kafin ka saya: mazauni mai tsayin inci 1.5, bakin madubi mai faɗin milimita 44, abin da ya rage tsakaninsa da layi bai wuce inci 0.63 ba, kuma zoben ƙara girma wani lokaci ya fi bakin kauri. Shi ya sa siririn saiti ke shiga inda mai kauri ya tokare.

Ɗaya hanyar ita ce saitin gefe, mai karkata digiri 45. Magpul na da shi a jerin Pro, Troy ma haka. Mai harbi da dama yana ɗora shi a dama, ya ɗan mirgina bindigar hagu, saitin ya zo daidai idonsa ba tare da ya cire komai ba. Masu gasa suna son sa don farantan kusa. Illarsa yana kama igiyar rataya bindiga da bakin jaka, yana cin gurbin da mazaunin madubi ke so, kuma mai harbi da hagu sai ya tabbatar samfurin yana juyuwa. Ka tuna kuma yawancin madubai masu 1 zuwa 6 alamarsu a zane take a jikin gilashi, ko batir ya mutu baƙar alamar tana nan.

Inda na saɓa da Malam Maƙeri shi ne naɗewa. Muddin jan ɗigo ne a kai, ni tsayayye nake fifitawa, aƙalla na gaba. Na Daniel Defense alminiyam ne, ba gaɓa, ba sifirin, ba abin da zai yi lako-lako bayan shekaru. Da mazauninka mai tsayi ba zai dame ka ba. Idan ɗigo ya ɗauke a tsakiyar zagaye, tagar madubin ta zama maka babban huji, ka sa tsinke a tsakiyarta, a yadi 25 wannan ya isa ka sami faranti ba tare da hannunka ya bar mariƙi ba. Mai naɗewa sai ka tsaya ka ɗaga biyu. Gaskiya ne ranar da madubi mai ƙara girma ya zo tsayayyen na baya dole ya sauka, na gaba kuma zai riƙa yin inuwa a lamba 1 da 2, sai wajen lamba 4 ya narke. Idan sauyin nan kusa yake, bi shawarar Malam. Idan sai nan da shekara biyu ne, tsayayye gaba, mai naɗewa baya.

Ɗan Gusau:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba. Sauyin ba zai wuce wata shida ba in Allah ya so, saboda haka masu naɗewa na ƙarfe zan ɗauka. Mazaunin nawa na noti ne, zan nemi mai liba. Saura ɗaurawa da daidaitawa. Wani ya ce mini in ɗaga saitin kawai in murɗa shi har tsinke ya haɗu da ɗigo, shi ke nan ba sai na ɓata harsashi ba. Haka ne?

Baban Walida:

A'a, Ɗan Gusau. Wannan mafari ne kawai, yana kai ka kan takarda, amma bai zama daidaitawa ba. Yadda kowa ke ganin kan tsinke a cikin huji ya bambanta, kuma idan ɗigon ne ya goce, ka kwafi kuskurensa ka zuba wa abin da ya kamata ya cece ka. Saitin da ba a harba an tabbatar ba kamar safayar taya ce da ba iska.

Kafin komai: cire kwanson da ake jera harsasai a ciki, ja hannun ɗana bindiga baya, duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, kwashe harsasai daga teburin.

Wurin zama. Na baya a gurbin ƙarshe na jikin bindiga, ko na kusa da shi idan ya hana ka kama hannun ɗana bindiga. Na gaba a gurbin ƙarshe na mariƙi. Iya nisan da ke tsakaninsu, iya ragin kuskure: gocewar inci 0.01 a ido tana zama kusan inci 2.5 a yadi 100 idan tazarar inci 14.5 ce, amma inci 1.8 idan tazarar 20 ce. Taka za ta kai kusan 20. Wannan lissafin shi ne kuma ke nuna raunin saitin da ke kan mariƙi. Mariƙin da ba ya taɓa bututu yana iya lanƙwasa shi kaɗai idan ka ja igiya da ƙarfi ko ka danna shi a kan katako, tsinke ya motsa, bututu bai motsa ba. Saboda haka ka duba notocin mariƙin tukuna, ka ɗora ruler a mahaɗarsa da jikin bindiga ka ga ko layin biyu sun daidaita. Idan mariƙin ya ɗan juya gefe, tsinke zai karkata, ka cinye murɗin saitin baya kana bin sa.

Ɗaurawa. Faɗin gurbin Picatinny milimita 5.23 ne, notin da ke ratsa shi ya fi haka siranta, saboda haka akwai ɗan wasa. Ka tura saitin gaba, wajen bakin bindiga, har notin ya tokari bangon gurbin, ka riƙe shi a haka kana ɗaurewa. Dalili: idan an harba bindiga baya take yi, abin da ke kanta ya nemi zamewa gaba, gara ya riga ya jingina a can. Goge mai daga tiredi, sa ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, ruwan da ke hana noti kwancewa, 242 ko 243. Kada ka sa jan Loctite, sai da wuta yake kwancewa. Idan saitin roba ne kada ruwan ya taɓa robar, yana iya sa wasu robobi su tsattsage. Ƙarfin ɗauri ka bi takardar kamfani, da makulli mai awo. Ka lura da ma'aunin: na waɗannan ƙananan notoci inci-fam ne, ba ƙafa-fam ba, kuma ɗaya ya ninka ɗaya sau 12, nan ake tsinke noti. Bayan ka gama, ja ɗan layin fenti daga kan notin zuwa jikin saitin. Ranar da layin ya rabu biyu ka san ya kwance. Ka bar shi ya kwana kafin ka je fili.

Nisa. Ga harbinka, yadi 50. Da harsashin 5.56 mai nauyin giren 55 ko 62 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) daga bututu mai inci 16, idan ka daidaita a 50, harsashi yana hawa kusan inci 2 a tsakanin 100 da 150, ya dawo kan layi wajen 200. Wato duk filin da kake harbi kana auna tsakiya ne kawai. Tsarin sojan ƙasa na Amurka na daidaitawa a mita 25 don harsashi ya dawo kan layi a 300, ko na sojan kundumbala na ruwa na yadi 36 da 300, don nisa aka yi su, kuma a tsakiyar tafiya harsashi yana hawa da yawa, ya isa ya tsallake ƙaramin faranti. Duk wanda ka zaɓa, ya zama ɗaya da na jan ɗigon, don kada kanka ya riƙe lissafi biyu. A kusa sosai, yadi 5 zuwa 10, harsashi zai faɗa inci 2 ko fiye ƙasa da inda ka auna saboda tsayin saiti a kan bututu. Wannan ba matsala ba ce, kada ka murɗa komai saboda shi.

A fili. Kashe ɗigon. Sa hujin baya a tsakiya, akwai alama a jikinsa. Yi amfani da ƙaramin huji, mai kusan inci 0.07. Babban, mai kusan 0.2, na kusa ne da duhu-duhu. Ɗora mariƙi a kan buhun yashi, ba bututu ba. Idonka a kan tsinke, takarda ta ɗan dushe, haka ake so. Harba biyar, ka nemi tsakiyar rukunin, kada ka bi harsashi ɗaya. Ƙa'idar murɗi: na baya yana tafiya inda kake so harsashi ya tafi, na gaba akasin haka. Kana so harsashi ya hau, tsinke ya sauka. Kibiyar da aka rubuta wa UP a gindin tsinke harsashi take nufi, ba tsinken ba.

Ga lissafi da tsinken A2 na yau da kullum, irin na bindigar soja M16A2. Tiredinsa 36 ne a inci ɗaya, kuma yana da maƙali huɗu a zagaye, saboda haka kowane ƙas yana motsa shi kusan inci 0.007. A tazarar inci 20 wannan inci 1.25 ne a yadi 100, kusan 0.6 a yadi 50. A ce rukuninka ya faɗi inci 3 ƙasa, inci 2 dama. Ka nutsar da tsinke ƙas 5. Na baya a irin wannan tazarar yawanci kusan rabin inci yake bayarwa a yadi 100, wato kwata a 50, saboda haka ƙas 8 zuwa hagu. Tsinken MBUS Pro ba na A2 ba ne, adadinsa na cikin takardarsa, amma hanyar ɗaya ce. Sake harba biyar. Idan ya zauna, kwantar da saitin ka ɗaga shi sau goma, ka sake harba biyar: mai kyau zai dawo inda yake. Sannan juya zuwa babban huji ka gwada, domin a tsohon tsarin A2 hujin biyu ba a tsayi ɗaya suke ba, sababbi da yawa kuma an daidaita su. Daga ƙarshe ka tabbatar a yadi 200 idan filin yana da shi, ka rubuta adadin ƙas daga tsakiya a takarda ka ajiye.

Idan wata rana ka ɗauki na gefe, da bindigar a mirgine ake daidaita shi, yadda saitin zai tsaya sak a saman bututu. Idan mirginawar ta bambanta daga harbi zuwa harbi, rukunin zai riƙa yawo a karkace.

Yayar Gasa:

Abu uku zan ƙara a taƙaice.

Jabu sun cika kasuwar intanet, musamman na Magpul da Troy, har da tambari da kwali. Asalinsu na bindigar wasa mai harba ƙwallayen roba ne. Araha ba ta ado: idan ka ga biyu a kuɗin da bai kai na guda ɗaya ba, ka wuce. Alamominsu a hannu: saitin yana girgiza idan ya miƙe, ƙas ɗin murɗi ba ya fita sarai, kan noti yana cinyewa tun ɗaurin farko, rubutun jiki ya yi kauri ko ya dushe. Irin wannan zai iya daidaituwa yau, gobe ya koma wani wuri. Ka saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Na biyu, ido. Wanda ya haura shekara 40 yakan fara ganin tsinke a dushe. Ƙaramin huji yana taimakawa, don yana ƙara zurfin abin da ido ke gani sarai. Mai matsalar ido da ke sa jan ɗigo ya zama kamar tauraro mai wutsiya, idan ya ɗaga saitin baya ya kalli ɗigon ta ƙaramin huji, sau da yawa zai ga ya tattaru. Wannan kaɗai dalili ne na samun na baya ko da batir bai taɓa mutuwa ba. Faɗin tsinke ma abin dubawa ne: na A2 inci 0.072 ne, a tazarar inci 20 yana rufe kusan inci 13 a yadi 100, kusan 26 a yadi 200. Faranti mai inci 10 a can zai zama ɗan ɗigo a kansa. Siriri mai 0.05 ya fi a nesa, amma yana ɓacewa da wuri idan rana ta yi ƙasa. Tsinke mai sinadarin tiritiyam yana haske da dare, sai dai haskensa yana raguwa da rabi duk bayan kusan shekara 12, kuma ya fi kauri. Ga harbin rana ba ka buƙatarsa.

Na uku, don masu karatu daga gida: wannan zancen na inda doka ta yarda ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, fitar da kayan bindiga daga Amurka kuma yana ƙarƙashin dokokin fitar da kaya. Kada wani ya sa ko ƙaramin saiti a jakar tafiya da sunan tsaraba ba tare da ya bincika izini ba.

Maƙerin Zamani:

Saura tambayar haɗa kamfani biyu, ba wanda ya taɓa ta. Yana yiwuwa, muddin dukansu masu tsayin AR-15 ne na shimfiɗa ɗaya. Shawarar Tsohon Maharbi ta tsayayye gaba da mai naɗewa baya ai haɗin ne, kuma tana aiki. Abin da kan faru shi ne ɗan bambancin ƙira ya sa tsinke ya ƙare can sama ko can ƙasa. Bayan ka daidaita, duba gindin tsinken: idan yana kusa da daidai da bakin mazauninsa, lafiya. Idan ya fito har yana rawa, ko ya nutse har ya ƙi ƙara juyawa alhali harsashi bai hau ba, tsayin bai dace ba.

Masu bindiga mai hasumiyar gaba su ne suka fi cin karo da wannan. Hasumiyar da aka buga wa harafin F a gefen hagu ta fi marar harafin tsayi da kusan inci 0.04, ita aka yi don jiki mai layi a sama. Marar F tare da saitin baya na zamani tana sa harsashi hawa kusan inci 10 a yadi 100 a gajeriyar tazara, mutum ya yi ta kwance tsinke har ya kusa fita. Maganinsa dogon tsinke mai ƙarin inci 0.04, ana sayar da shi shi kaɗai, kuɗinsa kaɗan ne. Masu manyan AR na .308 kuma su duba cewa mariƙinsu da jikin bindiga tsayi ɗaya ne, don a tsarin kamfanin DPMS akwai mai layi a sama da mai layi a ƙasa, kuma idan aka haɗa su ba daidai ba za a ga ɗan tudu a mahaɗa.

Kai Ɗan Gusau ba ka da hasumiya, kuma biyun za ka saya a lokaci ɗaya, saboda haka ka ɗauke su daga kamfani ɗaya. Ranar da madubi mai ƙara girma ya iso, kwantar da na baya, ɗora madubin, zura katin banki tsakanin bakinsa da saitin, ka juya zoben ƙara girma daga 1 zuwa 6 ka ga ko libarsa tana gogar wani abu. Idan ya tokare, kada ka matsar da madubin gaba ka ɓata tazarar idonka, mazauni mai ɗan ƙarin tsayi za ka nema. Sannan ka cire madubin a fili, ka ɗaga saitin ƙarfe, ka harba biyar a yadi 50, ka mayar da madubin ka harba wasu biyar, don ka san ko mazaunin mai liba yana komawa inda yake.